Daga "Stand" Zuwa Tasha: Tarihin Kalmar Tsayuwa

Duk mutumin Wonaka da ya shigo Gusau ya tambayi hanyar tasha, ya furta kalmar da tushenta ya haura shekara dubu huɗu. Hausa ta aro "tasha" daga "station" na Turanci a zamanin mulkin mallaka, zamanin da layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Tsafe da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Turanci kuwa ya samo ta ta hannun Faransanci daga "statio" na Latin, wato wurin tsayawa.

Wannan kalma 'yar'uwar "stand" ce, wadda a tsohon Turanci ake cewa "standan". A 1786 ne Sir William Jones, alƙalin Ingila a Kalkata, ya bayyana cewa Latin da Girkanci da Sanskirit uwarsu ɗaya. Daga baya masana suka gano saiwar "sta" a cikin wannan dangi, ma'anarta tsayuwa. Ita ce ta haifi "state", abin da aka tsayar ya kafu, kamar Jihar Zamfara da aka ƙirƙira a 1996. Ita ce kuma "stan" ta Farisanci da ke ƙarshen Fakistan da Afganistan.

Tun kafin zuwan Turawa, Hausa ta riga ta karɓi irin wannan gado daga Larabci. Fi'ilin "ƙama", wato ya tsaya, shi ya ba mu iƙama da alƙiyama da ƙima da muƙami. Ashe muƙami, a asalinsa, wurin da mutum ya tsaya ne, ba kujerar da ya kishingiɗa a kai ba.

"Tsaya" ta Hausa ba ta haɗa jini da waɗannan harsuna biyu a wannan kalma ba, amma turba ɗaya ta bi: daga miƙewar jiki zuwa nauyin amana. Ana tsai da magana, ana tsai da salla, ana kiran mai riƙon gaskiya tsayayye. Wanda ya tsaya wa wani a gaban alƙali ya ɗauki alhakin kawo shi a wuyansa idan ya gudu.

A nan ne tarihin kalma yake taɓa rayuwar yau. Tsakanin "tsayawa takara" da "tsaya wa jama'a" tazarar rubutu kaɗan ce. Manomin Bunguɗu ko Tsafe da rashin tsaro ya raba da gonarsa ya fi kowa sanin nisanta.