Tarihin Zubin Robar Silikon

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu zubin tukwane a kasuwa, ya ga yadda maigidan yake danna yashi mai laima a cikin akwatin katako kewaye da tukunyar misali, sa'an nan ya zare ta a hankali, ya bar gurbinta, yaransa kuwa suna hura wuta a ƙarƙashin tarkacen alminiyam har ya narke ya yi ƙyalli, to, ya riga ya san ƙa'idar da sana'ar zubi ta ginu a kanta tun zamanin da: abu mai zafi ake zubawa a mazubi mai sanyi, a jira ya huce ya daskare. A kan wannan ƙa'ida ake zubin tagulla, a kanta kuma ake yin bokiti da kujerar roba. Amma akwai wani abu da ya juya al'amarin, watau robar silikon, wadda ake tura ta da sanyinta cikin mazubi mai zafi, kuma tarihin yadda aka kai ga haka ya cancanci a tsaya a kansa.

Asalinta yashi ne. A cikinsa akwai wani ma'adini da ake kira silikan, wanda Berzelius, masanin ƙasar Suwidin, ya ware a shekarar 1824. Shehin malamin da ya ba da rayuwarsa ga haɗa wannan ma'adini da sinadaran da ke ɗauke da kabon shi ne Frederic Kipping na Nottingham, a Ingila, wanda ya raɗa sunan silikon a 1901, ya kuma yi kimanin shekara arba'in yana nazari, ya wallafa maƙaloli fiye da hamsin. Sau da yawa gwajinsa kan bar wani abu mai danƙo a gindin kwalba, shi kuwa bai ɗauke shi a bakin komai ba, har a 1936 ya bayyana wa taron masana cewa bai hango wani babban amfani nan kusa ba. Ni dai ban ga aibinsa ba, domin abin da ya gani shi ya faɗa, kuma duk wanda ya zo bayansa daga rijiyarsa ya sha.

Buƙata ce ta fito da falalar abin. A Amurka, James Franklin Hyde na kamfanin Corning yana neman abin da zai riƙe zaren gilashi a jikin wayar lantarki ba tare da zafi ya cinye shi ba, sai ya koma ga danƙon nan. A 1940 kuma Eugene Rochow na General Electric ya gano cewa idan aka bi da wata iskar sinadari ta kan garin silikan da aka gauraya da jan ƙarfe, a zafin digiri kusan 300, ana samun tushen silikon kai tsaye kuma da yawa, hanyar da Richard Müller ma ya gano da kansa a Jamus. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka kafa Dow Corning a Midland ta jihar Michigan, hajarsu ta farko kuwa wani maiƙo ne da ake shafawa a wayoyin injin jirgin sama don kada wuta ta yi tsalle idan ya yi nisa a sararin samaniya.

Sai dai robar farko kauri gare ta kamar kwaɓin fulawa, ana murza ta, a yanka, a sa a mazubi da hannu, a matse, alhali kuwa injin tura narkakkiyar roba ya daɗe a duniya. John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa sun yi rajistarsa tun 1872, siffarsa kamar ƙatuwar sirinji, sa'an nan James Hendry ya sa masa sanda mai murɗi a 1946, irin wadda ke cikin injin markaɗe. Mas'alar ita ce wannan inji narkarwa yake yi da zafi, silikon kuwa zafi ƙara masa tauri yake yi, in ya ƙame kuma ba ya sake narkewa har abada. Mabuɗin ya zo ne daga binciken John Speier, wanda ya nuna a shekarun 1950 cewa ɗan ƙanƙanin ƙarfen filatinam yana sa sassan silikon su kama juna ba tare da barin wari ko dauɗa ba. Duk da haka sai a ƙarshen shekarun 1970 robar silikon mai ruwa-ruwa ta shiga kasuwa, shekara saba'in da 'yan kai bayan raɗa mata suna.

Ga yadda aikin yake. Ganga biyu ake kawowa, abin cikinsu kamar zuma mai kauri, ɗaya da filatinam, ɗaya da abin da zai ɗaure sassan, kuma muddin ba su haɗu ba sai su yi watanni ba su canja ba. Famfo ya ja su daidai wa daida, a gauraya, a bi da su ta bututun da ruwan sanyi ke kewayawa don kada su ƙame a hanya, sa'an nan a tura su cikin mazubin ƙarfe mai zafin digiri 150 zuwa 200, inda ƙaramin abu kan nuna cikin daƙiƙoƙi kaɗan. A nan ne gwanintar maƙerin mazubi take bayyana, domin ruwan yana iya kutsawa ta kafar da ta fi gashin kai siranta, ya fito da geza a gefen kaya. Wajibi ne fuskokin ƙarfen biyu su haɗu ƙam, a kuma zuƙe iskar ciki tukuna. Kayan asibiti da na abinci sau da yawa akan ƙara gasa su a tanda na wajen awa huɗu a digiri 200, don sauran abin da ke iya tashi ya fita.

Ta wannan hanya ake yin zoben da ke hana ruwa shiga mahaɗar wayoyin mota, da ƙananan sassan na'urorin asibiti, da kan bulumbotin jarirai, wanda uwa za ta tafasa sau ɗari bai narke ba, bai tsage ba. Ranar da na fara fahimtar haka, na ɗaga irin wannan kan bulumboti ga hasken taga, na juya shi a hankali, sai na ga wani siririn layi ya kewaye gindinsa, wurin da fuskokin mazubi suka haɗu, irin layin nan da nake gani a jikin tukunyar mahaifiyata, wanda mai zubi bai gama gogewa da magagari ba.