Sauya sautukan kwamfuta: inda ake buƙatar ƙarin manhaja

Sautukan tsarin kwamfuta su ne gajerun amon da na'urar ke fitarwa idan an kunna ta, ko saƙo ya shigo, ko an samu kuskure. A Windows, akasarinsu fayiloli ne nau'in WAV, kuma ana sauya su daga sashen Sound na Control Panel ba tare da girka komai ba.

Sautin buɗewa ne ya fita daban. Tun daga Windows Vista, kamfanin Microsoft ya dasa shi cikin fayil ɗin imageres.dll, shi ya sa ake amfani da manhaja irin Startup Sound Changer wajen maye gurbinsa. Da yake tana taɓa ginshiƙin tsarin, wajibi ne a sauke ta daga amintaccen shafi, a kuma adana kwafin fayil na asali. Kwamfutar ofis kuwa, sai da izinin sashen fasaha.