Karayar ƙashin baya a ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Rumji: tarihin awoyin farko

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu muna son mu duba tarihin wani rauni da Hausawa suka daɗe da sani, wato karayar ƙashin baya ko ta wuya da ke taɓa laka (moelle épinière). Laka ita ce ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓɓai. In ta murƙushe, abin da ke ƙasa da raunin sai ya shanye, fitsari da bahaya su ƙwace wa mutum. Tambayarmu ita ce: mi ilimin likita ya gano game da awoyin farko, kuma ina wannan ilimi ya tsaya a kan hanyarsa ta zuwa ƙauyukan jihar Maraɗi?

2. Abin da duniya ta koya

Mafi tsufan bayani yana cikin wata takardar Masar da ake kira da sunan Edwin Smith, wadda aka kwafe wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa. Marubucinta ya sa gocewar ƙashin wuya mai shanye hannuwa da ƙafafu cikin cututtukan da ba a yi musu magani. Wannan hukunci ya yi shekaru fiye da 3000 yana aiki. A yaƙin duniya na farko (1914-1918), likita Harvey Cushing ya lura cewa kusan 80 cikin 100 na sojojin Amurka da suka ji wannan rauni sun mutu cikin makwannin farko, galibi saboda ciwon mafitsara da gyambon kwanciya.

Canji ya zo a 1944, lokacin da Ludwig Guttmann ya buɗe sashe na musamman a Stoke Mandeville, ƙasar Ingila. Dabararsa ita ce a riƙa juya majinyaci kowane awa 2, dare da rana, a fitar masa da fitsari da roba mai tsabta, a koya masa sana'a. A 1990 wani bincike na Amurka ya sa aka rungumi allurar methylprednisolone cikin awa 8 na farko. A 2013 ƙungiyoyin likitocin tiyatar jijiya na Amurka suka janye goyon bayansu gare ta, don illarta ta fi amfaninta bayyana. A 2012 kuma wani bincike da Michael Fehlings ya jagoranta ya nuna cewa tiyatar sassauta wa laka a wuya cikin awa 24 tana ƙara fatan samun sauƙi.

3. Yadda lamarin yake a ƙasarmu

Kafin zuwan mota, mutum kan karya baya in ya faɗa rijiya, ko ya faɗo daga kan doki, ko daga bisan gawo garin sassaƙo wa dabbobi ganye a lokacin rani. Akan kai shi wajen maɗori, wanda gwanintarsa a karayar hannu da ƙafa ba abin musu ba ce. Amma ja da murza, da ke daidaita ƙashin ƙafa, na iya ƙarasa tsinke lakar da ta rage. Shanyewar da ta biyo baya kuma akan fassara ta da taɓin iskoki, kamar yadda sunan shan inna ke nunawa. Aikin Jacqueline Monfouga-Nicolas na 1972 a kan borin Maraɗi ya bayyana girman wannan fahimta.

Likitancin Turawan mulkin mallaka, da aka tsara a Afirka ta Yamma ta Faransa tun 1905, ya fi mayar da hankali ga annoba irin su agana da sanƙarau. Bayan ƴancin kai a 1960, hanyar ƙasa mai lamba 1 ta samu kwalta. Ita ce ta ratsa Gidan Rumji, Maraɗi, Cadawa, Agye da Gazawa zuwa Tasawa da Damagaram. Ta sauƙaƙa fataucin gyaɗa da hatsi, ta kuma kawo sabon sanadi: kamyo mai lodin buhuna da mutane bisa kai, sannan daga baya kabu-kabu.

Tsarin mulki ya matso kusa da talakawa: Agye da Gidan Rumji sun zama arandisma a 1972, Gazawa kuma ta rabu da Agye ta zama gunduma mai kanta a 2011. Tsarin kiwon lafiya ma ya sauka mataki-mataki, daga babbar likitar jiha zuwa likitar gunduma da cibiyoyin ƙauye. Sai dai shirin Bamako na 1987 da dokar biyan kuɗin magani ta 1995 sun ɗora nauyi bisa iyali, a daidai lokacin da faɗuwar darajar sefa ta watan Janairu 1994 ta tsauwala farashin kayan da ake sayowa waje. Jinya kyauta ta 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki; magidancin da ya faɗo daga kamyo bai shiga ba. Tiyatar ƙashin baya ta daɗe tana nufin doguwar tafiya: Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959.

4. Darasi

Wannan tarihi ya nuna mana cewa galibin abin da ya ceci rayuka bayan 1944 aikin hannu ne mai arha. Wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi cikin amalanke ko bayan babur. Mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, uku ko huɗu su juya shi gaba ɗaya kamar gungume, a ɗora shi bisa ƙyaure, a tokare wuya da tufafi ta ɓangare biyu. A kula da numfashi, don rauni a saman wuya na iya tsayar da shi. A likita, majo ya auna hawan jini: jini ya sauka, bugun zuciya kuma ya yi sanyi, alama ce ta raunin laka, kuma barin jinin a ƙasa yana ƙara mata lahani. A sa robar fitsari, a fara juyi tun daren farko, a tura shi gaba ba tare da jinkiri ba.

5. Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa mutum 250,000 zuwa 500,000 ke samun wannan rauni kowace shekara. A ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Rumji, waɗanda suka fara isa ga mai rauni su ne direbobi, ƴan kamasho, maƙwabta da maɗora. Don haka muna ganin ya dace a tsara wannan ilimi cikin Hausa, a kai shi tashoshin mota da rediyon karkara, a kuma zauna da maɗora a yi shawara kan irin karayar da ya kamata su miƙa wa likita tun kafin a taɓa ta.