Yadda Aka Koyi Karanta Tsohon Kuɗi Da Haske

A maƙalarmu ta wannan mako za mu waiwayi wata matsala da ta daɗe tana ci wa masana tarihi tuwo a ƙwarya, wato yadda za a ɗauki hoton tsohon kuɗin ƙarfe har rubutunsa ya karantu.

Ƙarfe yana da ƙyalli. In haske ya doke shi gaba da gaba, sai ya dawo cikin kyamara, rubutun ya ɓace. Shi ya sa tun ƙarshen ƙarni na 19 masana tsoffin kuɗi a Turai, har da na Gidan Tarihin Birtaniya, suka riƙa kwafe siffar kuɗin da farar filasta, su ɗauki hoton kwafin. Filasta ba ta ƙyalli. In aka haska ta daga gefe, ƙasa-ƙasa, kowane harafi sai ya yi 'yar inuwa, ya fito raɗau.

A 2001 Tom Malzbender da abokan aikinsa a kamfanin HP na Amurka suka fito da sabuwar dabara. Ana kafe kyamara wuri guda, a ɗauki hotuna masu yawa, kowanne da fitila daga kusurwa daban. Kwamfuta sai ta haɗe su, mai kallo ya riƙa juya hasken a allo yadda ya so.

Mu ma abin ya shafe mu. A gidajenmu akwai anini mai huda da tauraro da rubutun Larabci, wanda Turawa suka fara bugawa a 1907. Akwai taro da sisi da sule, kuɗin kakanninmu kafin zuwan naira a 1973. Mai rubuta labarin zamanin Turawa, waɗannan su ne shaidunsa, amma filashin waya yakan shafe shekarar da ke jikinsu.

Don haka mu kashe filashi, mu ɗora kuɗin a kan baƙin ƙyalle, mu haska tocila daga gefe, muna juya ta har lambobi su bayyana. Kada mu goge shi da toka ko lemun tsami, domin guga na cinye rubutu.

Bayan mun karanta shekarar kuma, mu bincika. Dalar azurfa ta Mariya Tariza da ta yi yawo a kasuwanninmu, 1780 aka ci gaba da bugawa a jikinta, ko da an ƙera ta shekara ɗari bayan haka.