Kunnen Mawaƙi da Masaukin Waƙa: Wace Hanya Ce Ta Fi Horar da Ji?

Duk wanda ya taɓa koyar da kiɗa ya san ɗalibin da hannunsa ya riga kunnensa. Yana danna fiyano da sauri, ya haddace waƙoƙi da dama, amma da zarar mawaƙiya ta ɗauki waƙa sama da inda aka saba sai ya shiga lalube, ko ya nemi maɓallin da ke ɗaga masa sautin kayan gaba ɗaya. Abin da ya rasa shi ne jin dangantaka, wato gane sauti ta matsayinsa a tsakanin 'yan'uwansa. Da'awar wannan maƙala ita ce, hanyar da ta fi yaɗuwa yau wajen horar da wannan ji, wato haddace tazarar da ke tsakanin sautuka biyu su kaɗai, ita ce mafi rauni. Wadda ta fi ta ita ce a saba wa kunne da jin kowane sauti dangane da masaukin waƙa, sautin da rauji ke komawa ya huta a kansa, a kuma fara da baki kafin a kai hannu ga kayan kiɗa.

Akwai wata baiwar daban da ake yawan rikita ta da jin dangantaka. Wasu mutane ƙalilan suna jin sauti guda su faɗi sunansa ba tare da an ba su ma'auni ba, kuma galibinsu tun suna ƙanana suka fara kiɗa. Diana Deutsch da abokan aikinta sun nuna a 2006 cewa baiwar ta fi yawa a tsakanin ɗaliban kiɗa na Beijing masu magana da Sinanci fiye da takwarorinsu na makarantar Eastman a Amurka. Abin sha'awa ne, amma bai kamata malami ya sa shi a gaba ba. Ken'ichi Miyazaki na Japan ya gano a 1993 cewa wasu masu wannan baiwa suna tuntuɓe wajen gane tazara idan aka sauya musu masauki zuwa inda ba su saba ba. Sunayen sautukan ma yarjejeniya ce kawai: a wani taro a Landan a 1939 aka amince da girgiza 440 a daƙiƙa a matsayin ma'auni. Mai goge bai san da wannan taro ba, kuma babu abin da ya rage shi da shi. Da muryarsa yake ɗaure tsirkiya, fata kuma tana tsukewa da hunturu ta saki da damina, amma waƙar tana nan yadda take domin dangantakar sautukan ba ta canja ba.

Mu koma ga hanyar haddace tazara: manhajojin waya da yawa suna buga wa ɗalibi sautuka biyu su ce ya faɗi tazararsu, a kuma ba shi shawarar ya liƙa kowace tazara da farkon wata waƙa da ya sani. Matsalar tana fitowa da an gwada da baki. A rera tsanin do re mi fa so la ti do har masauki ya zauna a kunne. Sai a rera so zuwa do na sama: kunne zai ji an iso, magana ta ƙare. Sai a rera do zuwa fa: kunne zai ji an tashi, yana jiran a dawo. A lissafi tazarar guda ce a duka biyun, amma babu mai sauraron da zai ji su ɗaya. Ke nan ɗalibin da aka horar ya kira su da suna guda an koya masa ya yi watsi da abin da kunnensa ke gaya masa. Ga kuma matsalar gudu. Waƙa ba ta tsayawa ta jira a auna, kuma wanda ke ƙirga tazara bi da bi, in ya kuskure ɗaya, duk abin da ya biyo baya ya karkace.

Binciken ilimin halayyar ɗan Adam ya goyi bayan jin sauti dangane da masauki. Carol Krumhansl da Roger Shepard a 1979, sannan ita da Edward Kessler a 1982, sun riƙa jiyar da mutane tsani ko jerin sautuka, sai a buga sauti guda a tambaye su yadda ya dace da abin da suka ji. A tsanin do re mi, masauki ne ya fi samun maki, sai mataki na biyar (so), sai na uku (mi). Da aka yi irin gwajin da kiɗan arewacin Indiya a 1984, masauki da na biyar suka sake zama kan gaba, a wurin Indiyawa da Turawa duka. Kunne dai yana jera sautuka daraja-daraja kewaye da cibiya ɗaya, kuma a kan haka Gary Karpinski ya gina hujjarsa a littafinsa na 2000 kan koyar da ji.

Malaman waƙa sun riga masu bincike gane wannan da ƙarnoni. Guido na Arezzo, wani malamin coci a Italiya a ƙarni na 11, shi ya fara laƙaba wa matakai shida sunaye domin yara su riƙe waƙa ba tare da haddar shekaru ba. Sarah Glover ta Norwich a Ingila ta wallafa tsarinta a 1835, John Curwen ya faɗaɗa shi ya ƙara alamun hannu, kuma a wannan tsari do yana bin masauki duk inda ya koma. Faransa da Italiya suka bi wata hanyar, suka kafe do a sauti guda ba ya motsi. Wannan yana da amfani ga mai karanta takarda, amma sunan ba ya gaya wa kunne aikin da sautin ke yi a cikin waƙa. A Indiya kuwa mawaƙi ne ke zaɓar masaukinsa, wanda suke kira sa, daidai da muryarsa, kayan kiɗan tsirkiya da ake kira tanpura yana riƙe masa shi tun daga farko har ƙarshe.

Wanda ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne Zoltán Kodály na Hangari, wanda ya fara tattara waƙoƙin ƙauye a 1905. Ya ari do mai motsi da alamun hannu daga Ingila, amma ya ƙi aro waƙoƙin, ya ce yaro ya fara da na garinsu. A ajin da ke bin tsarinsa, malama takan rera sautuka biyu kacal, so da mi, tana sauke hannu daga sama zuwa ƙasa kaɗan, yara su amsa. Sai sun saba za a ƙara la, sannan do da re, har a cika sautuka biyar. Wani lokaci takan ci gaba da motsa hannu ta rufe bakinta, yara su bi waƙar a zuci, sai ta ba da alama su fito da murya a ga ko kowa na inda ya kamata. Wannan shirun, a ganina, shi ne mafi tsadar darasi a tsarin duka, domin a nan ake sanin ko sautin ya shiga kai ko kwaikwayo kawai ake yi. UNESCO ta sa tsarin cikin kundinta na kyawawan hanyoyin adana al'adu a 2016.

Ɗalibi Bahaushe yana shigowa aji da jari. Harshensa na karin sauti ne, kuma karin na dangantaka ne: kukan yaro da itacen kuka ana bambance su ko a bakin tsoho mai kaurin murya ko a bakin yarinya. A cikin jimla ma karin sama da ya biyo bayan na ƙasa yakan sauko ƙasa da na saman da ya gabace shi, amma ba wanda ke rikicewa. Sai dai kada a yi wa jarin kallon da ya wuce kima. Magana tana neman a san an hau ko an sauka, waƙa kuwa tana neman a san da nawa aka hau, kuma wannan sai da horo. Makaɗanmu sun san haka. Ɗan amshin Mamman Shata ba a aji ya koya ba. Yana tsaye ne bayan ubangidansa shekara da shekaru, yana cafke rauji daidai inda aka sake shi, kalangu na kewaye da shi. Haka yaron da ke son kuntigi ya saurari Ɗanmaraya Jos yana fitar da waƙa sukutum daga tsirkiya ɗaya. Saurare da amsawa da baki, masauki kuma yana kunne koyaushe, duk suna cikin tarbiyyar gidan makaɗa. Abin da babu a ciki shi ne sunayen matakai da jerawa daga sauƙi zuwa wuya, shi ya sa take cin shekaru.

Za a iya cewa do re mi kayan Turawa ne, kuma matakan goge, wanda ba shi da gaɓoɓi a wuyansa, ba lallai su faɗa daidai kan na fiyano ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin kuskure ne a mai da fiyano alƙalin aji. Sunayen matsayi suke nunawa, malami da muryarsa ne zai nuna ainihin inda matakin yake a waƙar da ake koyo. Za a kuma iya nuna mawaƙan coci a Nijeriya da suka daɗe suna karanta haruffan d r m a takarda, amma wasunsu ba sa iya rubuta sabuwar waƙa da ji. Laifin yana wurin koyar da haruffan a matsayin karatu kawai, ba tare da juya aikin ba, a rera wa ɗalibi ya faɗi sunayen.

Aikin da ya rage na sassan koyar da kiɗa ne a kwalejojin ilimi da jami'o'inmu. Waƙoƙin gaɗa, na reno, na daɓe da na niƙa suna nan a bakin iyayenmu mata, da yawansu kan 'yan sautuka kaɗan. A naɗe su, a tantance masaukin kowace da yawan matakanta, a jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a miƙa wa malaman firamare su fara da su.