Tsarin ginin wurin sayar da motoci: abin da rana da ƙura ke buƙata a Arewa

Wurin baje kolin motoci gini ne da ake tsara shi domin mai wucewa ya hangi mota daga titi, ya shigo ya zagaya ta, sannan ya zauna a yi ciniki. Mutumin Kumbashi, a Ƙaramar Hukumar Mariga ta Jihar Neja, idan ya tashi sayen mota yakan nufi Kontagora ko Minna, ko ya zarce Kaduna da Kano. Abin da zai fi tararwa a can fili ne a bakin hanya, da motoci a jere da ɗan ofis a gefe. Ɗakin gilashi mai sanyi da ake gani a Abuja da Legas wani salo ne dabam, kuma asalinsa daga ƙasashen sanyi yake.

A birnin Faris, kamfanin Citroën ya buɗe gininsa na titin Marbeuf a 1929, inda fuskar ginin ta kasance gilashi mai tsawon benaye da dama, motoci kuma suna jere hawa-hawa kamar kaya a kanta. A Amurka, mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ya tsara wa dillalin motoci Max Hoffman wani ɗaki a titin Park Avenue na New York a tsakiyar shekarun 1950, mai gangara zagayayyiya da dandamali mai juyawa da mota a kai. An rushe shi a 2013. A Jamus kuwa, ginin BMW Welt da aka buɗe a Munich a 2007 ya mayar da karɓar sabuwar mota wani ƙaramin biki. Duka waɗannan an yi su ne don sabuwar mota, a ƙasashen da hasken rana abin nema ne.

A Nijeriya, manyan kamfanonin kasuwanci irin su SCOA da UTC da Leventis da R.T. Briscoe ne suka saba wa mutane da ɗakin nuna mota mai gilashi a gaba da gareji a baya. Kasuwarsu ta bunƙasa bayan da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, lokacin da ma'aikacin gwamnati ke iya samun bashin mota ya sayi 504 dal. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sai kasuwa ta koma kan motocin hannu da ake sauke wa a Kwatano, wasu su shigo ta Gaya da Maraɗi da Birnin Ƙonni. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, amma motar hannu ita ce har yanzu ta fi yawa a kasuwa. Wannan sauyi shi ya fitar da cinikin daga ɗaki zuwa fili.

Ƙa'idar farko ta ginin ita ce sarari marar ginshiƙai a tsakiya. Ƙaramar mota takan kai tsawon mita huɗu da rabi zuwa biyar, faɗinta kuma ya kusa mita biyu, amma tana buƙatar fili fiye da na wurin ajiye motoci, domin a buɗe ƙofofinta huɗu da but da bonet, mai saye kuma ya ja da baya ya kalle ta. Shi ya sa ake ɗora rufin a kan ƙarafa masu dogon zango. Daɓen dole ya ɗauki nauyi, kada ya yi santsi idan ya jiƙe, kuma a bar ƙofa mai faɗi da gangara mai sauƙi, don kada ƙasan mota ya gogu wajen shiga.

Gilashi shi ne inda aka fi yin kuskure. Da rana, idan waje ya fi ciki haske, gilashin yakan koma madubi, mai wucewa ya ga titi da kansa maimakon mota. Idan kuma fuskar ginin tana kallon yamma, ranar la'asar za ta shiga kai tsaye, ɗakin ya ɗau zafi, na'urar sanyaya ɗaki ta yi ta shan man janareto a watannin Maris da Afrilu. Maganin da masu zane suka sani shi ne a fuskantar da dogayen ɓangarorin ginin kudu da arewa, a miƙo rufin waje ya yi wa gilashin inuwa, a kuma bar tagogi a sama don iska mai zafi ta fice. Inda titi ya tilasta kallon yamma, sai a sa shingen inuwa ko a rage gilashin. Maginan Hausa na da sun san wannan, tunda kaurin bango da ƙananan tagogi su ke sa zaure sanyi da tsakar rana.

A filin da ba rufi kuwa, rana na cin fenti, tana fasa dashbod, tana busar da robobi da tayoyi, ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma tana sa a wanke mota kusan kullum. Doguwar rumfa ta kwano a kan ƙarafa, mai tsayi sosai don iska ta ratsa, tana rage yawancin wannan asara da kuɗi kaɗan idan aka kwatanta da ɗakin gilashi, rufinta kuma zai iya ɗaukar faifan sola. Wankin yau da kullum na nufin a tanadi rijiya ko tanki, da magudanar da za ta tare baƙin mai kafin ruwa ya faɗa kwatar gari. A ƙasar Kontagora, inda damina ke da ƙarfi, filin da ba a daɓe shi ba yakan zama taɓo a watan Agusta.

Akwai abin da zanen Turai bai tanada ba: mai sayen motar hannu ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tafe da bakanikensa, sau da yawa da dillali mai jiran la'ada. Don haka ramin duba ƙasan mota ya fi fitilun ado amfani, haka ma hanyar fita gwaji da ba za ta tare sauran motoci ba. Ana buƙatar inuwar zama inda za a yi tayi da sallamawa, da ofis mai ƙofa inda za a duba takardun kwastan a gwada lambar shasi da ta inji, da wurin alwala da salla.

Tsaro na neman katanga, ciniki kuma na neman a ga kaya. Shingen ƙarfe mai rata-rata a kan gajeren bango shi ne sasancin da aka fi yi. Haka nan filayen da ke bakin manyan hanyoyin tarayya, kamar wadda ta taso daga Jebba da Mokwa ta ratsa Kontagora zuwa Yawuri da Sakkwato, suna da tazarar da doka ta keɓe wa hanya, kuma abin da aka gina a cikinta ana iya rushe shi. A garuruwan Jihar Neja, hukumar raya birane ta jihar ce ke amincewa da zanen gini kafin a aza harsashi, kamar yadda hukumar KNUPDA ke yi a Kano, zanen kuma ya kamata ya fito daga hannun mai zanen da ke da rajista da hukumar ARCON.