Daga Keso zuwa Kwanson Roba: Shaidar Ingancin Kuɗi a Tarihi

Masu sha'awar tara tsofaffin sulalla a Amurka da Turai sun shafe kusan shekara 40 suna jayayya a kan abu guda, wato ko ya dace mutum ya aika da tsabarsa ga wani kamfani, wanda ba shi ne mai saye ba kuma ba shi ne mai sayarwa ba, don ya duba ta, ya yanka mata daraja, sa'an nan ya rufe ta cikin kwanson roba mai garai-garai wanda ba ya buɗuwa sai an fasa shi. Ga wanda ya san tarihin kuɗi a ƙasar Hausa wannan jayayya ba baƙuwa ba ce, domin tambayar da ke ƙarƙashinta ita ce wadda 'yan kasuwar Sabon Garin Zariya suka yi fama da ita tun isowar dogo: shaidar wa za a karɓa a kan ingancin kuɗi, ta hannun mai karɓa ko ta hatimin wani?

Asalin al'amarin shi ne ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, mai hawa daga 1 zuwa 70, inda 1 ke nufin tsabar da ta suɗe har da ƙyar ake gane ta, 70 kuwa wadda ba ta da ko ƙwarzane. A 1972 aka kafa ANACS don tantance na gaske daga na jabu, sai PCGS a 1986 da NGC a 1987 suka yaɗa al'adar rufewa cikin kwanso. Masu goyon baya suka ce yanzu mutum na iya sayen tsabar da bai taɓa gani ba, daga wanda bai sani ba, hankalinsa kwance. Masu suka, musamman masu tara kuɗin Rumawa da Girkawa da kuma da yawa daga cikin na Ingila, suka ce an raba su da abin da ya jawo su tun farko, tun da ba sa iya riƙe tsabar, balle su auna ta ko su ji ƙararta. Suna kuma nuni da yadda wasu ke fasa kwanso su sake aikawa, ko a dace da lamba mafi girma. A 2007 har aka kafa CAC, wanda ya fara da aikin duba hukuncin masu hukunci ya manna tasa alamar. Mai shaida ma, ashe, yana bukatar shaida.

A ƙasar Hausa kuwa, kwanson farko na tabarma ne. Lokacin da wuri ke matsayin kuɗi, akan ƙunshe 20,000 cikin keso guda. Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya ba da labarin cewa mahukunta ne ke ɗaure wuri haka, amma ɗan kasuwa ba ya karɓa sai an zazzage an ƙirga a gabansa. A Tasawa ya ga an taru ana ƙirga wuri 500,000, biyar-biyar. Wahala ce babba, amma an gwammace ta a kan yarda da ɗaurin da wani ya yi a bayan ido.

Liyari ya zo da wata irin matsala. Wannan azurfa ta Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tareza, wadda a zamanin Barth ake canzar da ita a kan wuri 2,500 a Kano, duk wadda aka buga bayan rasuwar sarauniyar tana ɗauke da shekara guda, wato 1780, ko da kuwa a Landan ko Bombai aka buga ta cikin ƙarni na 20. Saboda haka rubutun da ke jikinta ba ya gaya wa kowa shekarunta. Nauyinta, kimanin giram 28, da ƙararta da idon maƙerin fari su ne shaida.

Turawan mulki sun hana shigo da wuri a 1904, suka fito da kwabo da anini masu huda a tsakiya a 1907, da tauraro mai tsini shida a gefe guda da rubutun Larabci a ɗaya gefen. Dogo ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya tashi a gefen tasha, Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma ta kafu a 1912, sulallanta na azurfa kuma suka fito a 1913. Ta hanyar albashin leburorin dogo da cinikin auduga da biyan haraji sababbin kuɗin suka ratsa Hanwa da Samaru da sauran ƙauyukan kewaye, harshe kuma ya yi musu sunaye: ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, dala. Ana danganta sunan ɗari, wato rabin kwabo, da wuri 100, abin da ke nuna cewa da tsohon ma'auni aka auna sabon kuɗi. Anini ya daɗe da barin kasuwa, amma yana nan a kafaɗar hafsoshin soja.

Yarda ta girgiza a 1920, sa'ad da tsadar azurfa ta sa hukumar ta koma buga sule da dala da garwayen tagulla. Maƙeri mai basira yana iya kwaikwayon irin wannan, aka kuwa kwaikwaya, har kalmar jabu, wadda masu ƙamus ke dangantawa da sunan garin Ijabu, ta zauna daram a Hausa. Mai karɓar sule sai ya juya shi a tafin hannu, ya shafa gefensa, ya buga shi a dutse ya kasa kunne. Sai a 1938 aka fito da sulalla masu wani tsagi na musamman a gefe, wanda ke da wuyar kwaikwayo. Abin lura shi ne, wannan kariya ma yatsa da ido aka yi wa ita, kuma gefen nan shi ne abin da kwanson roba na farko-farko ya fi ɓoyewa.

Ba za a ce Bahaushe bai san mutum na uku a ciniki ba. Dillali da fatoma sun daɗe suna tsayawa tsakanin baƙo da ɗan gari, suna karɓar la'ada. Bambancin shi ne dillali yana da fuska da gida da unguwa, kuma idan ya shaidi abin banza, gobe ma a kasuwar zai kwana. Kamfanonin tantancewa suna ba da lamunin biyan diyya idan hukuncinsu ya kuskure, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai saye daga nesa. Sai dai an riga an ga kwansunan jabu ɗauke da tsabar jabu, kuma wanda bai koyi duba tsaba ba, ba shi da abin da zai kare kansa da shi a ranar.

Inda ma'aunin Sheldon ya fi taɓa kayan tarihin ƙasar nan shi ne wajen abin da yake ɗaukakawa. Lamba mai girma ta tsabar da ba ta taɓa aiki ba ce. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na 8, wanda ya sauka daga gadon sarauta kafin Ingila kanta ta saki kuɗi da sunansa, yana samun lamba mai tsoka idan ya kwana shekara 80 a aljihun tebur a Birmingham. Ɗan'uwansa da ya sayi goro a Sabon Gari har ya suɗe ba ya samun komai sai 'yar lamba. Liyarin da aka huda ko aka liƙa wa kunne don amarya ta rataya, ko sulen da aka goge da toka don ya yi ƙyalli, kamfanonin ba sa ba su lamba sam, sai dai su rubuta cewa na gaske ne amma an lalata shi. Wannan huda kuwa ita ce kaɗai rubutun da Hausawa suka yi a jikin tsabar, ita ce ke faɗin inda ta zauna da wanda ya riƙe ta.

Tun da Naira da Kwabo suka maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairu 1973, ragowar tsofaffin sulalla suka koma cikin adudu da gwangwanayen tsofaffi. Idan an zo rabon gado, wadda kasuwar masu tarawa ta ƙi takan ƙare a hannun maƙerin fari, shi kuwa sikeli yake ɗorawa, ya biya kuɗin nauyin azurfa, ya jefa ta a wuta ta fito zobe.